Kalmar da Ba Ta Taka Ƙasa

A 'yan shekarun nan wata kalmar Turanci ta samu gindin zama a ƙarƙashin hotunan amare. Mai kwalliya ta gama aikinta, mai hoto ya ɗauka ya tace, sai a ɗora a Instagram a rubuta kalma ɗaya tal a ƙasa: *ethereal*. Daga Birnin Kebbi har Kano haka abin yake. Ƙawaye su maimaita ta, dangin ango su yi tambarin zuciya, a wuce. Da yawa sun ɗauke ta a matsayin wata hanyar cewa "ta yi kyau matuƙa", irin ta 'yan boko.

Ma'anarta ta fi haka zurfi, kuma ta fi haka haɗari. Kalma ce mai tarihin fiye da shekara dubu biyu, wadda ta ratsa falsafa da ilimin taurari da ɗakin tiyata kafin ta iso shafin mai kwalliya. Ra'ayina shi ne ya kamata mu san ta da kyau, mu yi amfani da ita a muhallinta, amma kada mu yarda ta zama ma'aunin da za a riƙa auna jikin 'ya'yanmu mata da shi. Ina kuma ganin cewa malaman da suka zauna a Gwandu shekara ɗari biyu da suka wuce sun san wannan ma'ana, kuma inda suka ajiye ta ya fi inda muke ajiye ta yau lafiya.

Daga samaniyar Girkawa zuwa wayar ofis

Tushen kalmar Girkanci ne. Girkawan dā sun bambanta iskar ƙasa, wadda mu da dabbobi muke shaƙa, da wata iska mai tsabta da haske can sama da gajimare, wadda suka ce ita allolinsu ke shaƙa. Wannan ta saman suka kira *aither*, daga wani aikatau mai nufin ƙonewa ko haskakawa.

Aristotal, wanda ya rasu a shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya ba ta matsayi a ilimi. A fahimtarsa duk abin da ke ƙarƙashin wata an gina shi da abu huɗu: ƙasa, ruwa, iska da wuta. Wanda ya taɓa zama kusa da malaman hisabi ba zai ji baƙon wannan rabo ba, domin har yau da waɗannan huɗun suke karkasa ɗabi'un mutane. Abin da aka gina da su yana sauyawa, yana tsufa, yana ruɓewa. Amma da Aristotal ya dubi taurari sai ya ga ba sa tsufa, ba sa kauce wa hanyarsu. Sai ya ce lalle da wani abu na biyar aka yi su, wanda ba shi da nauyi, ba ya lalacewa. Shi ne *aither*.

Lokacin da aka fassara littattafan Girkawa zuwa Larabci a Bagadaza, a ƙarni na 9, kalmar ta shiga Larabci a matsayin *al-asir*. Har gobe mai gabatar da shiri a gidan rediyon Larabawa yakan ce muryarsa na isowa ta cikin asir, wato ta sararin da ba a gani. Kada a haɗa ta da "asiri" namu na Hausa. Wannan daga *sirr* ya fito, danginsu daban.

Masana kimiyyar Turai ma sun daɗe suna riƙe da ita. Sun ce tunda sauti yana buƙatar iska kafin ya yi tafiya, igiyar ruwa tana buƙatar ruwa, to haske ma dole akwai abin da yake bi daga rana zuwa gare mu. Suka ce wani abu ne da ya cika sararin samaniya, ba a ganinsa, ba a taɓa shi. A 1887, a birnin Kilibland na Amurka, Albert Michelson da Edward Morley suka yi niyyar kama shi. Dabararsu mai sauƙin fahimta ce. Duniya tana zagaya rana da gudun kusan kilomita 30 a daƙiƙa guda. In da gaske tana keta wannan abu, to hasken da ya bi hanyar tafiyarta da wanda ya gitta ta ba za su dawo lokaci ɗaya ba, kamar mai iyo da ya bi gulbi da wanda ya tsallaka shi. Suka raba haske gida biyu, suka aika kowanne ta fuskarsa, madubai suka dawo da su. Bambancin da ake jira bai bayyana ba. A 1905 Albert Einstein ya nuna cewa lissafi yana tafiya daidai ba tare da wannan abu ba, kimiyya ta sallame shi.

Abin ya tafi, suna ya zauna. Ruwan nan mai saurin bin iska da aka sa wa majiyyaci ya shaƙa a wani asibitin Boston ranar 16 ga Oktoba 1846, aka yi masa tiyata bai ji zafi ba, sunansa ita, daga wannan tushe. Wayar da ke haɗa kwamfutocin ofis, Ethernet, wadda Robert Metcalfe ya raɗa wa suna a 1973, daga nan ta samo shi. Haka kuɗin intanet na Ethereum da matasanmu ke saye da sayarwa tun bayan fitowarsa a 2015.

Akwai kuma wata 'yar'uwa da ba a cika tunawa da ita ba. Daga wannan aikatau na ƙonewa Girkawa suka ƙera sunan da suke kiran baƙaƙen mutanen kudu da Masar, ma'anarsa masu ƙonanniyar fuska. Shi ne ya zama Itofiya, ƙasar da muke kira Habasha. Tushe ɗaya ya haifi kalmar haske ta sama da sunan baƙar fata ta ƙasa. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu buƙace shi.

Abin da Bature ke nufi in ya faɗe ta

Ana furta ta *i-thi-ri-yal*, da ƙarfi a gaɓa ta biyu. Sifa ce, kuma ma'ana uku ke haɗuwa a cikinta lokaci guda. Ta farko rashin nauyi: abu sakayau, kamar iska za ta ɗauke shi. Ta biyu laushi da rauni: abin da kake tsoron taɓawa don kada ya watse. Ta uku baƙunta: abin da ka gani ka ji kamar ba na duniyar nan ba ne. In ɗaya daga cikin ukun ya ɓace, kalmar ba ta zauna ba. Audugar rimi sakayau ce, amma ta duniya ce. Tsawa tana da ban tsoro irin na sama, amma ba ta da laushi.

Shi ya sa Turawa suka fi jingina ta ga haske, da sauti, da yanayi mai wucewa: farin wata a kan ruwa, hazo da asuba, murya siririya da ke tashi sama ba tare da ka ji numfashin mai ita ba. Suna kuma amfani da ita da gatse. In ɗan jaridar Ingila ya kira alkawarin ɗan siyasa da wannan kalma, zagi ne cikin ladabi: magana ce mai daɗin ji wadda hannu ba zai kama komai a cikinta ba.

Masu rubutun ofis su lura da kalmomi biyu da ake yawan rikita ta da su. *Eternal* na nufin madawwami. *Ephemeral* na nufin mai saurin gushewa, asalinta abin da kwanansa ɗaya. Tamu tana tsakaninsu: tana kama da abin da ya zo daga dawwama, amma a gabanka ba ya daɗewa. Wanda ya rubuta wa mamaci addu'ar hutu da ita, yana nufin madawwami, ya yi kuskure.

Me Bahaushe zai ce?

Babu kalmar Hausa guda da ta ɗauke ma'anonin nan uku a tare. Wasu 'yan boko sukan ji haka su ce Hausa ta gaza. Wannan hukunci ne na wanda bai leƙa rumbu ba. Turanci ma ba shi da kalma guda da za ta ɗauke "kunya" ko "kara" ko "santi". Kowane harshe yana ɗaure damminsa ne yadda ya ga dama.

Abin da Hausa ta yi shi ne ta rarraba ma'anar. Ga rashin nauyi muna da *sakayau*. Ga yadin da ido ke ratsawa muna da *shara-shara*. Ga hasken da ke fita daga fuska ba daga fitila ba muna da *annuri*. Ga abin da ka hango yana rawa a nesa, ka matsa ya gushe, muna da *kawalwalniya*. Muna da raɓa, muna da hazo da buda, muna da bakan gizo. Ga baƙunta kuwa Bahaushe ba ya kwana-kwana, sai ya ce "kamar aljana", ko "kamar ba mutum ba", ko ya ce abin na rauhanai ne.

Saboda haka mai fassara nagari zai tambayi kansa: a wannan jimla, wace ma'ana ce ke gaba? In hasken asuba ne a kan fadamar shinkafa ta Kalgo lokacin hunturu, sa'ad da hazo ya kwanta a kan ruwa har ba ka rarrabe inda ƙasa ta ƙare sama ta fara, sai ya siffanta hazon da hasken. In sarewar makiyayi ce da ke zuwa daga nesa da dare, ya ce sautin siriri ne, kamar iska ce ke busa shi. In alkawarin kasafin kuɗi ne, kawalwalniya ta wadatar, har ta fi ta Turancin cizo.

Akwai wani abu mafi muhimmanci da wannan rarrabuwa ke nunawa. A ma'aunin Bahaushe, nauyi shi ne yabo. Mutum mai daraja "ana jin nauyinsa". Shugaba "ya ɗauki nauyin" jama'a. Dattijo cikakke ne, kamili, natsattse. Babbar riga tana ƙara daraja ne gwargwadon yawan yadinta da nauyin aikin da ke ƙirjinta. Iska kuwa, wadda ita ce uwar kalmar Turancin, dubi inda Hausa ta ajiye ta: ɗan iska, iskanci, aikin iska, maganar da ta bi iska. Iskoki su ne masu hawa kan mutum su raba shi da hankalinsa. Fanko da holoƙo duk rashin nauyi ne, kuma babu mai son a kira shi da su. Ko a wajen amarya, yabon gargajiya shi ne ta cika, ta murje, ta yi ɓul-ɓul. Ke nan in mun ɗauko kalmar da ke yabon rashin nauyi muka ɗora wa mutum, mun shigo da wani ma'auni ne da ya saɓa wa namu, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Amsar Gwandu

Kada a ɗauka ma'anar gaba ɗayanta baƙuwa ce a ƙasar nan. Tana nan a zaurukan karatu, da rigar Larabci.

Gwandu, wadda ake cewa sunanta daga gandun Kanta na Kabi ya samo asali, ta zama mazaunin Shehu Usmanu da jama'arsa a 1805, daga baya kuma ta zama cibiyar yammacin daular a hannun ƙanensa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke can har yau. Abdullahi masanin harshe ne kafin komai. Ya rubuta *al-Bahr al-Muhit* a nahawu, da *al-Hisn al-Rasin* a sarfu, da tafsirinsa *Diya'ut Ta'wil*. Mutum ne da ya san nauyin kowace kalma. Kuma garin ya ci gaba da zama gidan littattafai bayansa: a nan ne matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya samu kwafin *Tarikh al-Sudan* a 1853, ya zauna yana kwafar abin da ya iya.

A ilimin da irin waɗannan zauruka ke koyarwa akwai kalmomi biyu masu kishiyantar juna: *laɗif* da *kasif*. Kasif shi ne mai kauri, mai duhu, wanda ke tare ido, kamar dutse ko jikin ɗan Adam. Laɗif shi ne mai laushin da ya wuce a kama shi, wanda ke ratsa abu ba a ji shigarsa ba. Malaman tauhidi suna siffanta mala'iku da cewa jikkuna ne laɗifai da aka halitta daga haske, kuma da yawansu da irin wannan lafazi suke bayanin ruhi, wanda ke gudana a jiki kamar ruwa a ɗanyen itace. Al-Laɗif ɗaya ne daga sunayen Allah, kuma a Suratul An'am, aya ta 103, ya zo ne daf da bayanin cewa gannai ba sa riskar Sa. Daga nan muka samu Abdullaɗif da Laɗifa da muke raɗa wa 'ya'yanmu. Kalmar tana ɗauke da rashin nauyi, da laushi, da kasancewa bayan abin da ido ke gani, har da ƙarin da ta Turancin ba ta da shi, wato tausasawa. In ana neman kalma guda mafi kusa, ita ce.

Sai dai a lura da inda suka ajiye wannan siffa. Ta ruhi ce, ta mala'ika ce, ta ma'ana ce mai zurfi a cikin aya. Jiki kuwa kasif ne, daga yumɓu, kuma ba a ɗauki hakan aibi ba. Babu wanda ya nemi jiki ya zama laɗifi. Abin da aka nema shi ne zuciya ta sauke kayan duniya, wanda suke kira zuhudu.

Tarihin Gwandu ya ba da misalin haka har sau biyu. A cikin *Tazyin al-Waraqat* Abdullahi da kansa ya ba da labarin yadda, ana tsakiyar jihadi, ya ga son mulki da dukiya ya fara shiga zukatan mutane, sai ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. A Kano aka tsayar da shi, ya zauna ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu *Diya'ul Hukkam* a kan yadda ake mulki, sannan ya koma. Ɗansa Halilu, wanda ke sarautar Gwandu lokacin zuwan Barth, ya shahara da keɓewa har baƙon bai samu ganinsa ido da ido ba, ya kuma kwatanta rayuwarsa da ta masu ibadar da suka ƙaurace wa duniya. Ana iya muhawara a kan ko irin wannan keɓewa ta amfani mulki. Barth kansa yana ganin ta raunana shi. Amma ma'anar a fili take. A Gwandu, in an ce mutum kamar ba na duniyar nan ba, ana maganar abin da zuciyarsa ta saki ne. Ba a duba hasken fatarsa ko sirantar wuyansa.

Inda kalmar ke cizo

Turai ta bi wata hanyar, kuma ta biya farashi. A ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19, tarin fuka yana kashe mutane birjik a biranen Ingila da Faransa. Cutar tana ramar da mutum, ta kwashe jinin fuskarsa, fata ta yi fari har jijiyoyi su bayyana, idanu su yi ƙyalli saboda zazzaɓi. Marubuta da masu zane suka ɗauki wannan kama suka mayar da ita kyau, suka ce mai ita ya fara barin ƙasa, ya kusanci sama. Mawaƙin Ingila John Keats, wanda cutar ta kashe a Rum a 1821 yana da shekara 25, ya zama tambarin wannan tunani. Mata masu lafiya suka riƙa shafa farar hoda da ɗaure ƙugu don su yi kama da marasa lafiya. Sai a 1882 Robert Koch ya nuna cewa ƙwayar cuta ce ke haddasa ta, ba laushin ruhi ba. Marubuciya Susan Sontag ta warware wannan tarihi a littafinta na 1978 a kan yadda ake mayar da cuta abin kwatance.

Wannan gado yana manne da kalmar har yau. In an jingina ta ga mace a mujallun ado na Turai, hoton da ke zuwa zuciya sananne ne: fara, siririya, mai rauni. To me ke faruwa in aka kawo ta ƙasar da yawancin mata baƙaƙe ne ko wankan tarwaɗa? Dubi hotunan da ake rubuta ta a ƙarƙashinsu. Sau da yawa an ɗaga hasken fuskar har ta bambanta da wuya, an goge duk wani ɗigo da layi, an siranta hanci. Uwar amarya ma sai ta ƙura ido kafin ta gane 'yarta. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar da ke kallon hoton tana koyon darasi ba tare da an furta shi ba: kyau shi ne ka yi nesa da kamanninka.

Ba kalmar ce ta kawo mana son farar fata ba. Tun kafin Instagram ana cewa fara ko mayya ce. Abin da kalmar ta yi shi ne ta sa wa tsohuwar cuta rigar boko, ta mayar da ita abin da mai digiri zai rubuta ba tare da jin kunya ba. Kuma cutar ba ƙarama ba ce. Wata takardar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2011 ta kawo alƙaluman da ke cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya suna amfani da kayan hasken fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Mayukan sukan ƙunshi zaiba, wadda ke lalata ƙoda da jijiyoyi, ko haidirokwinon, wanda yawan shafa shi ke barin baƙin tabo mai wuyar magani, ko sinadarin sitiroyid, wanda ke sirantar da fata.

Wannan na ƙarshen shi ne abin takaicin. Sitiroyid yana cinye kaurin fata har ta zama shara-shara da gaske, koren jijiya ya fito, ɗan ƙwarzane ya zama gyambo, ɗinkin tiyata ya ƙi kamawa. Wato jiki ya kai ga siffar da kalmar ke yabo, ta hanyar lalacewa, kamar dai yadda tarin fuka ya yi wa matan Landan. Ga shi kuma a Kebbi muke, inda zafin bazara ke haura digiri 40, inda baƙin da ke cikin fata shi ne garkuwar da ke tare zafin rana. Girkawa sun kira mu masu ƙonanniyar fuska, alhali wannan launin ne ke hana fuskar ƙonewa.

Adalci ya sa a faɗi cewa ma'auninmu na gargajiya ma yana da nasa gawarwakin. Son amarya ta cika shi ya buɗe kasuwar ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda 'yan mata ke sha don su yi ƙiba, su ma da illarsu. Duk ma'aunin da ya ce wa jiki "zama wani abu daban" yana ƙarewa ne a kantin magani. Darasin Gwandu ya shafi ɓangarorin biyu: jiki amana ne, a bar shi a yadda aka gina shi, a kai gasar wajen hali.

To, a daina faɗin ta?

Za a ce harshe ai da aro yake girma. Mun ari "mota" da "asibiti" daga Turanci, mun ari "littafi" da "annuri" daga Larabci, me zai hana mu ari wannan? Kuma mai kwalliyar da ta rubuta ta ba ta karanta tarihin tarin fuka ba, yabo kawai take yi, tana neman abokan ciniki.

Hujja ce mai ƙarfi, kuma rabinta gaskiya ne. Ba na kiran a kafa dokar hana kalma. Ba a taɓa yin haka an ci nasara ba. Amma aron sunan abu daban yake da aron sifa. In ka ari "mota", ka samu sunan abin hawa, shi ke nan. In ka ari sifar yabo, ka ari idon da ya ga abin ya ce ya yi kyau. Rashin sanin tarihin kalma kuma ba ya hana ta aiki, domin hotunan da take tafe da su suna koyar da ma'anarta fiye da kowane ƙamus. Zanen aro ba ya rufe katara, balle wanda aka yanka a kan jikin wata.

Abin da nake nema ƙarami ne, kuma yana hannun irin masu karanta wannan wasiƙa. Wanda ke rubutu da Turanci ya yi amfani da kalmar inda ta dace: haske, sauti, hazo, alkawarin da ba shi da ƙafa. In zai yabi mace da ita, ya tambayi kansa ko zai iya rubuta ta a ƙarƙashin hoton baƙar mace mai jiki, wanda ba a tace ba. In amsar a'a ce, to ba kyau yake yabo ba, launi yake yabo. Wanda ke fassara, a gidan rediyo ko a kamfanin talla, kada ya yi saurin cewa babu ita a Hausa; ya zaɓi sakayau, ko annuri, ko kawalwalniya, ko laɗifi, gwargwadon abin da jimlar ke nufi.

Akwai kuma aikin da ya fi dacewa da malaman jami'a. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, tana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, tafiyar da ba ta kai yini ba daga hubbaren Abdullahi. Ɗalibin da ya gamu da wannan kalma a waƙoƙin Ingila na ƙarni na 19 ya cancanci a gaya masa cewa a lardinsa an yi malaman da suka rarrabe laɗif da kasif a daidai wancan zamani, da Larabci mai inganci, kuma 'yan'uwansu da almajiransu suna wa'azi da waƙa cikin Fulfulde da Hausa. In aka ajiye masa su gefe da gefe, zai fahimci Turancin fiye da wanda ya haddace ma'anar ƙamus, kuma zai daina ɗaukar cewa duk wata ma'ana mai laushi daga ƙetare ake shigo da ita.

Annurin da Bahaushe ke yabo ba ya zaɓar launi. Ana ganinsa a fuskar tsohuwa baƙa wuluk da ta idar da sallar asuba, ana ganinsa a fuskar jariri, ana ganinsa a fuskar wanda aka yi wa bushara. Ba a sayar da shi a kwalba, kuma babu ƙodar da ta taɓa lalacewa saboda shi.